Ƙarfin da ke Cikin Hayaƙi: Turbo, Kanikawa da Samarin Hanyar Kwanar Ɗangora

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Kwanar Ɗangora bayan sallar asuba, musamman da kaka, ya san wannan ƙarar. Tirela ce ta fito daga hanyar Tudun Wada, an danƙara mata masarar Doguwa ko shanshera, ta karyo kwana za ta hau babban titin Kano. Direba ya taka totur, inji ya yi gurnani, sai ka ji wani siririn fito yana tasowa daga ƙarƙashin gurnanin, yana ƙara tsini har motar ta ɓace. Da muna yara a Yako mun ɗauka iskar birki ce. Sai da na girma na san cewa wata na'ura ce da ba ta fi tukunyar miya girma ba, mai suna turbo, wadda a bakin direbobi takan fito kamar "tabo".

Abin da ya dawo da ni kan wannan magana shi ne wani buhu da ɗan yayata ya sauke a gabana. Yaron yana sana'arsa a cikin Kano, Allah ya ɗan buɗa masa, ya sayi tsohuwar BMW mai ƙofa biyu, silinda shida, lita 2.5, irin ta farkon shekarun 2000. Ya kwance bakin buhun, sai ga wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi guda biyu manne da juna, ɗaya baƙi mai tsatsa, ɗaya fari.

"Kawu, wannan zan ɗaura mata," in ji shi, idonsa yana ƙyalli. "A Ƙofar Ruwa na samo, daga jikin babbar mota aka ciro. In an ɗaura, ba motar da za ta ga bayana daga nan har Zariya."

Ban hana shi ba, ban kuma yaba ba. Na ce mu je wajen wani dattijon bakanike da ya fi shekara talatin yana kwance injinan manyan motoci a bakin hanya, mu ji ta bakinsa. Watannin da suka biyo baya su suka koya mini abin da zan faɗa a nan.

Yadda ake tatsar hayaƙi

Inji ba ya cin mai shi kaɗai. Kowane ɗigo na fetur yana buƙatar iska kafin ya ƙone, kuma iskar ce ta fi yawa nesa ba kusa ba: kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Zuba mai abu ne mai sauƙi. Shigar da iska ita ce wahalar, domin injin da ba shi da turbo iyakar abin da fistin ya zuƙo da kansa shi zai samu. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya riga ya fahimci sauran bayanin. Gawayi ɗaya ne, amma da yaron maƙera ya kama zugazugi sai wutar ta tashi daga ja ta koma fara, ƙarfe ya yi laushi. Turbo zugazugin inji ne. Hikimar da ke cikinsa ita ce ba hannun mutum ke zuga shi ba, hayaƙin da injin ya riga ya zubar ne. Hayaƙin nan mai zafi, maimakon ya wuce salansa a banza, sai a bi da shi ta kan wata ƙaramar fanka ya juya ta. Fankar tana haɗe da wata 'yar'uwarta ta sanda ɗaya, ita kuma wannan ta biyun sai ta zuƙo iskar waje ta cusa wa injin da ƙarfi. Sandar nan, da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan turbo ma har ta haura 200,000.

Dabarar ta girmi kakanninmu. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistarta a 1905, amma sai a shekarun 1920 aka fara cin moriyarta a manyan injinan jiragen ruwa na Jamus. Masu jirgin sama ma sun rungume ta, saboda can sama iska ba ta da kauri, inji yana shaƙewa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga direban da ke bin hanyar Falgore zuwa Saminaka ya haura Jos. Ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita ita ce, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Jos kuwa tana kusan mita 1,200 sama da teku. Motar da ta yi ƙarfi a Legas, kafin ta kai can ta zubar da fiye da kashi goma na ƙarfinta, mai turbo kuwa ba ta cika jin wannan ba.

Don haka turbo ba sabon shiga ba ne a kudancin Kano. Yana cikin DAF da ke kwasar shinkafa daga Tudun Wada zuwa Dawanau, yana cikin Sharon mai shan gas da ke jigilar fasinja, yana cikin taraktoci da yawa da manyan janareto na injinan casa. Sabon abu shi ne samari masu son ɗaura shi a kan injin fetur da ba a ƙera shi da turbo ba. A nan ne gizo ke saƙa.

Abin da dattijo ya gani da ɗan yatsa

Bakaniken bai ce komai ba da farko. Ya ɗora turbo ɗin a cinyarsa, ya zura babban yatsa da manuni ya kama kan sandar, ya kaɗa ta gefe da gefe. Ta ɗan motsa kaɗan. Ya ce wannan ba laifi, gurbin baƙin mai ne, in mai ya shiga zai cike shi. Sannan ya ja ta ciki da waje. Ba ta motsa ba, ya gyaɗa kai. Ya ɗaga ta sama ya leƙa fukafukan fankar a hasken rana, yana juya su ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ƙura ta cinye baki ko wani abu ya gutsura. Ya shafa cikin bututun ya duba yatsansa ko akwai mai.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Amma ba naka ba ne, ɗana. Ka sayo wa jaki sirdin raƙumi."

Bayaninsa ya zauna daidai da abin da ke cikin littattafai. An ƙera wannan turbo ne don injin da ya ninka na yaron girma sau uku ko huɗu. Hayaƙin ƙaramin inji ba zai iya juya babbar fanka da wuri ba. Za ka taka totur ka ji shiru, ka ƙara takawa ka ji shiru, sai injin ya kusa ƙure ƙararsa sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an tunkuɗa ka daga baya. A miƙaƙƙen titi wannan abin tsoro ne, a cikin kwana kuwa ajali ne. Ko kamfanin Porsche sai da ya sha fama da wannan jinkiri. Motarsu 911 Turbo da ta shiga kasuwa a 1975, mai ƙarfin doki 260, ta yi kaurin suna wajen juyewa da direba a tsakiyar kwana, har Turawa suka yi mata laƙabi da mai sanya mata takaba.

Sai dattijon ya tashi ya shiga ɗan shagonsa na langalanga, ya fito da wani fistin ya ajiye a tafin hannun yaron. A tsakiyar kansa akwai rami da babban yatsa zai shige, gefen ramin ya narke ya daskare kamar kitse. Ya ce na wata ƙaramar mota ce da aka ɗaura wa turbo a wani gari, aka jawo ta nan da igiya. Sati biyu kawai ta yi. Ya ajiye fistin ɗin ne don irin wannan rana.

Me ya huda shi? Amsar ita ce bambancin gas da fetur, kuma ina ganin duk mai son shiga wannan harka ya fara haddace ta kafin ya kwance noti ɗaya. Injin gas iska zalla yake matsawa, sai ta yi zafi sannan a fesa mai ya kama da kansa. Ka ƙara masa iska, ba abin da zai same shi sai daɗi, shi ya sa turbo ya zauna masa kamar an haife su tare. Injin fetur kuwa iska da mai yake matsawa a gauraye, yana jiran filogi ya ƙyasta wuta a daidai lokacin da aka tsara. In matsi da zafi suka yi yawa, ragowar gaurayen ba ya jiran wutar ta iso gare shi, sai ya fashe da kansa. Fashewar nan kamar dukan guduma ce a kan fistin, sau dubbai a minti. A waje abin da za ka ji ɗan ƙaras-ƙaras ne, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wani lokaci ma ƙarar salansa ta rufe shi. A ciki kuwa ringi yana karyewa, gaskit yana ƙonewa, kan fistin yana narkewa. Ƙarshenta a ce inji ya buga.

Injin yaron nan masana'anta ta yi shi da matsi mai yawa, 10.5 bisa 1, saboda ba a yi zaton za a ƙara masa iska ba. Kwatanta da injin Toyota Supra na 1993, wanda masu wasan mota a duniya ke ji da shi: da yake da turbo aka haife shi, an sauke matsinsa zuwa 8.5 bisa 1, gangar jikinsa kuma ta baƙin ƙarfe ce. Wanda ya ga bidiyon Supra a waya ya ce shi ma zai yi, bai ga wannan lissafin ba.

Kuskuren ba na yaranmu ba ne su kaɗai. A 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da Oldsmobile Jetfire, ɗaya daga cikin motoci biyu na farko da aka sayar wa jama'a da turbo. Sun bar matsin injin a sama, suka ce maganin fashewa shi ne wani ruwa na musamman, gaurayen ruwa da sinadarin metanol, da mai mota zai riƙa zubawa a wani ɗan tanki. Mutane suka riƙa mantawa. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera motar.

Ɗauri

Yaron ya haƙura da babban turbo, ya yi musanye da matsakaici. Ya ɗauka an gama kashe kuɗi. Ashe kuɗin turbo shi ne ɗan ƙaramin cikinsu.

Aikin farko na mai walda ne. Dole a cire bututun hayaƙi na asali a ƙera wani da zai tattaro hayaƙin silinda shida ya zuba a bakin turbo, kuma ya ɗauki nauyinsa. Hayaƙin injin fetur a wannan wuri yana kaiwa digiri 900, ƙarfe yakan yi ja da daddare ka gan shi da ido. Siririn bututu irin na ƙofa da taga ba zai yi wata guda ba sai ya tsage. An nemo mai kauri, aka yi ta gwadawa ana yankewa kusan kwana goma. Duk wata waya da tiyo da ke kusa sai da aka janye su ko aka naɗe su da abin tare zafi.

Na biyu shi ne baƙin mai, kuma a nan na ga dattijon ya fi tsanantawa. Sandar turbo ba a kan ƙarfe take juyawa ba, a kan ɗan siririn mai take yawo. Ana jawo mata mai daga jikin injin ta ƙaramin bututu, ya ratsa ta, ya koma kaskon mai ta wani babba. Wannan na komawar ba famfo ke tura shi ba, gangara kawai yake bi. In ya lanƙwashe, ko ya yi kwance, ko an huda kaskon a ƙasa da inda mai ke tsayawa, sai man ya taru ya tsallaka cikin hayaƙi, mota ta riƙa tuƙa shuɗin hayaƙi a ce turbo ya lalace alhali lafiyarsa lau. Kaskon motar na alminiyam ne, sai da aka kai shi Kano wajen masu waldar argon. Sau biyu dattijon yana sa a sake bututun saboda bai gamsu da gangararsa ba.

Sai masanyayar iska, wadda kanikawa ke kira intakula, mai kama da ƙaramin lagireto da ake sawa a gaban mota. A Turai wani yana iya cewa zai yi ba ita. A nan ba zai yiwu ba. Iska in an matsa ta zafi take yi, kamar yadda famfon mai faci ke ɗumi a hannu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, iskar da turbo ya ƙara wa matsi da rabin ba, wato rabin nauyin iskar da muke shaƙa, tana fitowa da zafin da ya kusa na tafasasshen ruwa. In an kai ba ɗaya cur, ta wuce digiri 130. Ka cusa wa injin fetur wannan, ka gayyato fashewar da hannunka. Motocin da samarinmu ke kallo a intanet yawancinsu a garuruwan sanyi aka saita su.

Ga kuma ƙura. Samari suna son cire akwatin iyakilina su sa ɗan buɗaɗɗen mataci mai siffar mazurari saboda ƙararsa da kyan gani. Wanda ya bi hanyar ƙauye daga Yako da hunturu ya san abin da ke cikin iskar nan. Fankar da ke juyawa sau dubu ɗari a minti, ƙwayar yashi a wurinta harsashi ce.

Sauran kayan zan wuce su da sauri: nozul masu feshi da yawa da famfon mai da zai iya ciyar da su, filogi masu jure zafi, sabon kuloci domin tsohon zai riƙa sulɓewa, sabon lagireto da tiyo. Akwai wata 'yar ƙofa da ake kira wesget, wadda in matsi ya kai inda aka tsara sai ta buɗe ta karkatar da hayaƙi ya kauce wa fanka. Ita ce linzamin turbo. Akwai kuma bawul ɗin da ke sakin iska in an ɗaga ƙafa daga totur, mai yin "fish!" ɗin nan da yara ke so. Da yawansu, in ka bincika, wannan ƙarar kawai suke nema.

Saiti

Ranar da aka gama ɗauri aka tayar da mota, yaron ya so ya fita titi. Dattijon ya zare makullin ya sa a aljihu.

"Baba, ai ta tashi," in ji yaron.

"Ta tashi. Amma ƙwaƙwalwarta ba ta san an ƙara mata huhu ba."

Maganarsa gaskiya ce. Motocin zamanin nan wata 'yar kwamfuta ce ke yanke yawan man da za a fesa da lokacin da filogi zai ƙyasta, bisa wani jadawali da masana'anta ta rubuta mata. Jadawalin bai san da ƙarin iska ba. In ba a sake shi ba, iska za ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wuta ta yi tsananin zafi, ramin nan na kan fistin ya bayyana. Saiti shi ne a zauna da kwamfuta a sake rubuta jadawalin gida-gida. Idan turbo yana aiki, ana ƙara mai fiye da ƙa'idar 14.7, a sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Ana kuma jinkirta ƙyastawar filogi da 'yan digiri. Ka jinkirta da yawa, ƙarfi ya gudu, hayaƙi ya ƙara zafi. Ka gaggauta, fashewa ta zo. Tsakanin biyun nan akwai wata siririyar hanya, kuma faɗinta ya dogara ga man da ke cikin tanki.

A nan ne matsalarmu ta ƙasa take. Juriyar fetur ga fashewa ana auna ta da lambar oktan. A Turai na gama-gari 95 ne, masu irin waɗannan motoci kuma suna sayen 98. Namu ma'auninsa wajen 91 ne, iri ɗaya tal, ba zaɓi a bakin famfo. Wannan ma in an same shi tsantsa ke nan. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol ƙasar nan ya lalata injinan mutane. Wanda mai ya yanke masa tsakanin Tudun Wada da Doguwa ya tsaya wajen 'yan bumburutu, bai san abin da ke cikin galan ba. Jadawalin da aka sauko da shi daga intanet, wanda wani ya rubuta don mai 98 da sanyin Jamus, guba ne ga motar da ke shan man bakin hanya a Bebeji.

A inda harkar ta zauna, ana ɗora mota a kan wata na'ura mai gangunan ƙarfe da ake kira daino, tayoyi su yi ta gudu mota tana tsaye a ɗaure, mai saiti yana kallon komai a allo. Mu ba mu da ita a gareji. Abin da aka samu shi ne wani matashi mai rewaya daga Kano da ya iya kwamfuta, da wata na'ura da ake soka hancinta a salansa ta nuna lambar gaurayen iska da mai nan take. Aka sa wesget a mafi ƙarancin matsi. Ana fita da sassafe inda ba jama'a, a giya ta biyu kawai don kada gudu ya wuce ƙa'ida, a taka sau ɗaya, a dawo a karanta abin da kwamfuta ta naɗa, a gyara gida biyu ko uku, a sake. Dattijon kuwa ya ɗaura wani bututun tagulla a jikin injin ya haɗa da tiyo har cikin mota, ya kanga a kunnensa kamar likita, yana sauraron ƙaras-ƙaras. Sau ɗaya ya ɗaga hannu kafin kwamfuta ta nuna komai, da aka duba kuwa sai ga shi.

Wannan hoton bai bar raina ba: tsoho da tiyo a kunne, yaro da kwamfuta a cinya, kujera ɗaya tsakaninsu. Kanikawanmu suna da kunne da hannu da ba a saye a kasuwa. Abin da suka rasa shi ne ma'auni. Tun 1996 motocin Amurka ke fitowa da kafar da ake soka na'urar bincike, na fetur a Turai tun 2001, kuma su ne motocin da suka cika titunanmu, amma har yau gareji nawa ne daga Kiru zuwa Doguwa ake gyara da lamba ba da canki-canki ba? Ga kwalejin fasaha a Bagauda a ƙofar gidanmu, ga ƙungiyar kanikawa ta NATA mai rassa ko'ina. Da za a haɗa kai a riƙa kawo wa masu gareji horo na sati biyu-biyu kan karanta waɗannan na'urori, da ba masu motar wasa kaɗai za su amfana ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane direban haya ya san zafin lita ɗaya da ta ƙone a banza.

A saitin motar yaron, an tsaya a matsin ba 0.4. Matashin ya ce injin zai iya ɗaukar ƙari, dattijon ya ce a watan Disamba zai iya, a watan Afrilu fa? Aka bar shi nan.

Titi

Akwai abin da na gaya wa ɗan yayata ba tare da sakaya ba, kuma zan maimaita shi ga duk wanda ya karanta wannan. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018 ya mayar da ɓangaren Zariya zuwa Kano sumul, kuma sumul ɗin nan yana ruɗin matasa. Amma hanyar ba ta tashi daga cikin mutane ba. Tana ratsa kasuwanni, 'yan makaranta suna tsallaka ta, mai babur ɗauke da buhu uku yana shigowa ba sigina, Fulani suna ƙetarawa da shanu. Dokar hanya ta ƙasa ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a awa a babban titi mai hannu biyu. A gudun 160 mota tana cin mita 44 a daƙiƙa ɗaya, kuma nisan da birki ke buƙata ya ninka na gudun 100 sau biyu da rabi, domin nauyin gudu ba bi-da-bi yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi. Turbo ba ya ƙara wa birki komai. Na sa sharaɗi cewa ba za a ba shi makulli ba sai an sake faifan birki da man birki, an kuma cire tayoyin gwanjon da ya zo da su. Ya yi fushi na kwana biyu, sannan ya saya.

Ba na cikin masu cewa son gudu lalacewar tarbiyya ce. Kakanninmu ma sun so gudu, sai dai sun ware masa wuri. Ba a sukuwa a cikin kasuwa, fili ake keɓewa, Kano ma tana da filin sukuwarta tun zamanin Turawa. Arewa ta san gasar motoci a bikin Argungu, a kudu kuma akwai filin tseren mota a jihar Edo. Jihar da take da faɗin ƙasa irin na Kiru da Bebeji ba za ta rasa 'yan kadadar da za a kewaye, a shimfiɗa kwalta, a ajiye motar asibiti, a ce wanda ke ji da motarsa ya zo nan da hular kwano ba. Muddin babu irin wannan wuri, ranar ɗaurin aure da ranar Sallah a kan titin jama'a za su ci gaba da yi, mu kuma mu ci gaba da zuwa gaisuwa.

Da Babbar Sallah yaron ya zo Yako da motar. Ya tsaya a ƙofar gida bai kashe ta ba, ya bar ta a sulo yana zaune. Mahaifiyarsa ta leƙo ta ce, "Kai kuwa mai ya yi maka yawa ne?" Ya ce, "Umma, turbo ne yake hucewa." Abin da direbobin tirela ke yi ke nan a Kwanar Ɗangora kafin su sauko shan shayi: in ka kashe inji da zafinsa, baƙin mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a kan sandar sai ya soye ya zama gawayi. Juyen baƙin mai kuwa yanzu yaron ba ya bari ya kai lokacinsa.

Na'urar auna gaurayen nan yaron bai koma da ita Kano ba. Dattijon ya tambayi kuɗinta sau biyu, a na uku yaron ya ce, "Baba, ka riƙe." Tana rataye a ƙusa a cikin shagon, kusa da hudajjen fistin. Mota ta farko da dattijon ya gwada ta a kai wata Golf ce ta haya mai bin hanyar Tudun Wada, wadda mai ita ya yi wata uku yana kukan shan mai, an sake mata filogi har sau biyu. Da aka soka na'urar a salansa, mota tana sulo, lambar ta tsaya a 11 da 'yan kai. Aka bi waya aka tarar da ɗan abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota zafin ruwa ya mutu, kullum yana ce mata inji da sanyi yake, ita kuma tana ta ƙara mai. Aka sake shi kafin la'asar, lambar ta hau 14.7.